Yadda Ake Gyara Imel Ɗin Da Ya Daina Fita Bayan An Sabunta Windows Ko macOS

Saƙonni suna shigowa lafiya lau, amma wanda ka rubuta ya ƙi tafiya, ya maƙale a Outbox. Wannan ita ce ƙorafin da aka fi zuwa mini da ita bayan an ɗaga kwamfuta daga Windows 10 zuwa Windows 11, ko an ɗora wa Mac sabuwar macOS. Tun da Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, ofisoshi da makarantu suke ta sauya babbar manhaja, matsalar kuwa sai ƙaruwa take.

Abu ɗaya ya kamata ka fahimta kafin ka taɓa komai. Manhajar imel, ko Outlook ce, ko Thunderbird, ko Mail ta Apple, da saba biyu take hulɗa, wato kwamfutocin kamfanin imel da saƙonni ke bi ta cikinsu. Ɗaya mai kawo saƙo ce, ita ake kira IMAP ko POP. Ɗaya kuma mai fitar da shi, ita ce SMTP. Kamar tashar mota ce mai ƙofar shiga daban, ta fita daban: ana iya garƙame ta fita, motoci kuwa suna ta shigowa. Sabar fita tana da abubuwa huɗu nata na kanta: sunanta, lambar ƙofarta (port), irin tsaron da ake lulluɓe saƙo da shi, da yadda kake gabatar mata da kanka. Sabunta kwamfuta kan ɓata ɗaya daga cikin huɗun nan ne, galibi na ƙarshen. Don haka ba aikin goge akawun ba ne, ba kuma na sake zuba Windows ba.

Abin da za ka tanada

Cikakken adireshin imel ɗinka da kalmar sirrinsa. Wayar da lambar tabbatarwa ke shigowa cikinta, da caji a jikinta. Filash ko faifan ajiya na waje mai sarari. Wata hanyar intanet ta biyu, ko da datar wayarka ce. Kalmar sirrin admin ta kwamfutar, in ta ofis ce. In imel ɗin na kamfani ne ko na makaranta, wato mai ƙarewa da sunan wurin aikinku, ka nemi bayanan sabar daga wanda ke kula da shafinku tun kafin ka zauna. Batirin laftof ɗin ma ya cika, kada wuta ta ɗauke kana tsakiyar kwafe wasiƙu.

1. Gwada a burauza, sannan ka karanta abin da manhajar ta ce

Buɗe Chrome ko Edge, ka shiga akwatinka kai tsaye ta shafin kamfanin imel ɗin, ka aika wa kanka saƙo. In ya tafi, akawun ɗin lafiyarsa ƙalau, kalmar sirrin da ke kanka ma daidai ce, laifin na kwamfutar ne. In a can ma ya ƙi, tsaya nan: ko akwatin ya cika, ko an rufe akawun ɗin, ko kuɗin hayar shafin kamfaninku ya ƙare. Babu saitin da zai gyara wannan.

Koma manhajar ka sake aikawa. Akwatin kuskure zai fito, kada ka yi saurin rufe shi yadda aka saba. Ɗauki hotonsa da waya, domin lambar da ke ciki rabin aikin ce. 535 na nufin sabar ba ta yarda da sunanka ko kalmar sirrinka ba. 530 na nufin tana so ka gabatar da kanka ko ka kunna tsaro tukuna. 550 tare da maganar relay yawanci alama ce ta cewa kana ƙoƙarin aikawa ba tare da ka shiga ba. 552 kuwa saƙon ne ya yi girma. A Outlook, 0x80042109 na cewa ba ta iya kaiwa ga sabar fita ba sam, 0x800CCC1A kuma irin tsaron da aka zaɓa ne bai dace da sabar ba.

2. Duba agogo da allon rubutu

Mutane kan yi dariya in na fara da nan, amma minti biyu ne, kuma yakan ƙare zancen. Sabar imel tana nuna takardar shaidar tsaro mai ranar farawa da ranar ƙarewa. In agogon kwamfutarka ya koma shekarun baya, sai ta ɗauka takardar ba ta da inganci, ta ƙi haɗawa. Laftof ɗin gwanjo sun fi yin haka, saboda ƙaramin batirin da ke riƙe agogo a cikinsu ya riga ya mutu. Ka shiga Settings, Time & language, Date & time, ka kunna Set time automatically, ka danna Sync now. Yankin lokaci na Najeriya da Nijar shi ne West Central Africa, UTC+1. Wanda aka zuba wa Windows sabuwa fil sau da yawa yakan tarar an bar shi a lokacin yammacin Amurka.

Sai allon rubutu. Buɗe Notepad, ka danna Shift da 2. In @ ta fito, tsarin Amurka ne. In alamar zance ta fito, na Ingila ne. Sabunta Windows kan sauya wannan ba tare da sanarwa ba, kai kuma kana ta buga kalmar sirri mai @ a ciki, ɗigo-ɗigo ne kawai kake gani, ba ka san abin da ke shiga ba. Masu allon Faransanci a Maraɗi ko Damagaram su lura da A da Q, da Z da W, su ne ke musayar wuri. Maɓallin Windows tare da Space yana juya tsarin.

3. Adana wasiƙunka, ka ɗauki hoton tsohon saiti

Wannan matakin ba a tsallake shi. In akawun ɗinka IMAP ne, wasiƙun suna kan saba. In POP ne, mai yiwuwa kwafin da ke kwamfutarka shi kaɗai ya rage a duniya. Na ga ofishin da aka cire akawun don a "sake sa shi sabo", wasiƙun shekaru suka bi ruwa.

A Outlook, File, Account Settings, sai ka duba gefen sunan akawun ɗin, za ka ga an rubuta POP ko IMAP. Rufe Outlook, ka je Documents, Outlook Files, ka kwafe duk fayil mai ƙarewa da .pst zuwa filash. A Thunderbird, rubuta %APPDATA%\Thunderbird a saman File Explorer, ka kwafe jakar gaba ɗaya. A Mac, ka zaɓi akwatin, ka bi Mailbox, Export Mailbox.

Daga nan duk shafin saitin da ka buɗe, ɗauki hotonsa kafin ka canza ko harafi ɗaya. Kuma abu ɗaya ake canzawa a gwada, ba uku a lokaci guda ba.

4. Kwashe abin da ke Outbox

Saƙo ɗaya mai nauyi kan tare wa na bayansa hanya. Gmail ba ya ɗaukar abin da aka maƙala in ya wuce megabayit 25. A Outlook, ka shiga Send/Receive, ka danna Work Offline, ka ja saƙonnin daga Outbox zuwa Drafts, sannan ka sake danna Work Offline don ya mutu. Ka tabbata ya mutu ɗin, don wani lokacin shi ne ma matsalar tun farko. Gwajin da za ka riƙa yi daga yanzu da gajeren saƙo ne, layi ɗaya, babu hoto.

5. Nemo wurin saitin sabar fita

A Outlook na asali, wato classic, hanyar da ta fi nuna komai ita ce ta Control Panel. Rufe Outlook, ka buɗe Control Panel, ka nemi Mail, sai Email Accounts, ka zaɓi akawun ɗin, Change. Nan za ka ga gurbin Outgoing mail server. Danna More Settings. A shafin Outgoing Server akwai ɗan akwati mai cewa My outgoing server (SMTP) requires authentication. Dole a sa masa alama, a kuma zaɓi Use same settings as my incoming mail server. Rashin alamar nan shi ke haifar da yawancin 530 da 550. Lambar ƙofa da irin tsaro suna shafin Advanced.

Lura da wace Outlook ce a gabanka. Windows 11 tana zuwa da sabuwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar manhajar Mail ta Windows da aka daina kula da ita a ƙarshen Disamba 2024. Wanda yake kan waccan Mail ɗin, ba saiti ne ya lalace masa ba, manhajar ce aka yi wa ritaya, sai ya koma wata. Wanda kuma yake da Office a kwamfutarsa, ya nemi mai ɗauke da kalmar classic a Start. Ni dai ita na fi so ga imel ɗin kamfani, don ta fi barin mutum ya ga abin da yake gyarawa.

A Thunderbird, Account Settings, ka gangara can ƙasan jerin da ke hagu, Outgoing Server, ka zaɓi sabar, Edit. Kada ka tsaya nan. Koma kan sunan akawun ɗin, ka duba ƙasan shafin, inda aka nuna da wace saba yake fita. Mai akawun biyu ko uku yakan tarar na ofis yana ƙoƙarin fita ta sabar Gmail ɗinsa.

A Mac, Mail, Settings, ko Preferences in macOS ɗin ta girmi Ventura, sai Accounts, Server Settings. Cire alamar Automatically manage connection settings da ke ƙarƙashin sabar fita, gurbin ƙofa da na tsaro za su bayyana. A jerin Account akwai Edit SMTP Server List, inda tsofaffin saba na wuraren aikin da ka bari tuntuni suke jibge. Share waɗanda ba a amfani da su. Akwai kuma Connection Doctor a ƙarƙashin Window, mai nuna kore ko ja a gaban kowace saba.

6. Cika gurabe huɗun

Ƙofa da tsaro tare suke tafiya, ba a raba su. 587 abokiyar STARTTLS ce. 465 abokiyar SSL/TLS ce. Ka haɗa 465 da STARTTLS, manhajar za ta yi ta juyi har lokaci ya ƙare. Ƙofa ta 25 kuwa ta saba da saba ce, kamfanonin intanet da yawa sun toshe ta saboda masu watsa saƙonnin banza. In ka tarar da 25 a tsohon saitinka, canza ta.

- Gmail: smtp.gmail.com, 587 da STARTTLS, ko 465 da SSL/TLS
- Outlook.com da Hotmail: smtp-mail.outlook.com, 587 da STARTTLS
- Microsoft 365 na wurin aiki: smtp.office365.com, 587 da STARTTLS
- Yahoo: smtp.mail.yahoo.com, 465 da SSL/TLS, ko 587
- iCloud: smtp.mail.me.com, 587

Imel ɗin kamfani da ke kan cPanel, wato manhajar da ake kula da shafi da ita, yawanci sunan sabarsa mail ne, ɗigo, sai sunan shafinku, da ƙofa 465. Amma kada ka yi kintace. Mai kula da shafin ya shiga Email Accounts, ya danna Connect Devices, komai yana rubuce.

A gurbin User name, cikakken adireshin imel ake sawa, har da abin da ke bayan @. Ka buga da hannu. In ka kwafo daga WhatsApp, sarari ɗaya da ba a gani yakan biyo bayan sunan, sabar kuwa ba ta yafe shi.

7. Kalmar sirri

A nan mafi yawan aikin yake. Za ka ji mutum yana rantsuwa cewa kalmar sirrinsa daidai ce, ga shi ma yanzu ya shiga da ita a burauza. Gaskiya ya faɗa. Abin da ya faru shi ne manyan kamfanonin sun daina karɓar kalmar sirri tsurarta daga manhajojin waje. Google ta rufe wannan hanya ga akawun ɗin mutane a ƙarshen Mayu 2022, Microsoft kuma ta rufe ta ga Outlook.com da Hotmail ranar 16 ga Satumba 2024. Wataƙila a da wani ya taɓa sa maka kalmar sirri ta musamman a manhajar, ka manta, sabuntawa ta goge ta, kai kuma ka buga ta yau da kullum.

Hanya biyu ce. Ta farko, wadda ta fi, ita ce OAuth2, wato shiga ta shafin kamfanin imel ɗin kansa. A Thunderbird, a gurbin Authentication method, ka zaɓe ta a maimakon Normal password. Sannan ka je Settings, Privacy & Security, Saved Passwords, ka goge layin da ya fara da smtp na wannan akawun. Rufe manhajar ka buɗe. Da ka aika saƙo, shafin Google ko na Microsoft zai fito, ka shiga, ka amince. In shafin ya ƙi wucewa, duba ko an hana cookies a cikin Thunderbird ɗin. A Mac, akawun ɗin Google daga System Settings, Internet Accounts ake sake shigarsa, ba daga cikin Mail ba.

Ta biyu ta masu tsohuwar manhaja ce wadda ba ta san OAuth2 ba. Su sai kalmar sirri ta manhaja, wadda Google ke kira App password. Sai ka kunna 2-Step Verification tukuna, in ba haka ba ba za ka ga wurin ba. Sannan ka je myaccount.google.com/apppasswords, ka ba ta suna, za a ba ka haruffa 16. Su za ka sa a gurbin kalmar sirri, a sabar shiga da ta fita duka. Sau ɗaya ake nuna su, in sun ɓace sai a ƙirƙiri wasu. Ranar da ka canza babbar kalmar sirrinka ta Google kuma, waɗannan sun mutu. Yahoo da iCloud ma suna da irin wannan a shafin tsaron akawun.

Mai Hotmail a kan Outlook 2007, 2010 ko 2013, kada ya wahalar da kansa. Ya ɗauko Thunderbird, kyauta ce, ko ya koma sabuwar Outlook. Mai Microsoft 365 na ofis da ya ga 535 5.7.139, ba daga wurinsa ba ne. Admin ɗinsu ne zai kunna Authenticated SMTP a kan akwatinsa.

In manhajar ta nace da tsohuwar kalma, ko tana ta tambaya ba iyaka, sai a share abin da kwamfutar ta adana. A Windows, Control Panel, Credential Manager, Windows Credentials, ka cire layukan da suka fara da MicrosoftOffice masu alaƙa da akawun ɗin. A Mac, Keychain Access, ka nemi sunan sabar, ka goge layinta kaɗai. Kada ka yi ta gwada kalmomi barkatai. Sabobin kamfani da yawa kan toshe adireshin intanet ɗin da ya yi kuskure sau da dama, sai ofis gaba ɗaya ya rasa imel saboda mutum ɗaya.

8. Gwada ƙofar da kanta

In har yanzu shiru, a bincika ko hanyar ma a buɗe take. Buɗe PowerShell, ka rubuta:

Test-NetConnection smtp.gmail.com -Port 587

Ka sa sunan sabarka a madadin ta Gmail. Layin ƙarshe zai ce TcpTestSucceeded, True ko False. A Terminal na Mac kuwa:

nc -vz smtp.gmail.com 587

True, ko succeeded a Mac, na nufin hanya a buɗe take, koma mataki na 6 da na 7. False, ko saƙon gazawa a Mac, na nufin wani abu ya tare. Gwada ɗaya ƙofar. Sannan ka cire kwamfutar daga intanet ɗin ofis, ka haɗa ta da hotspot ɗin wayarka, ka maimaita. In ta wuce a waya, to toshiyar daga rawuta ce ko daga kamfanin da ke ba ku intanet, ko kuma sabar ta toshe adireshinku kamar yadda na faɗa.

9. Riga-kafi da VPN

Manhajojin riga-kafi irin su Avast, AVG, Kaspersky da ESET suna shiga tsakaninka da saba don su binciki saƙo. Wadda aka sa tun zamanin Windows 10 takan rikice bayan sabuntawa. Kashe ɓangaren da ke duba imel kaɗai, na ɗan lokaci, ka aika gwaji. In ya tafi, ka sabunta riga-kafin ko ka cire ta ka sake sawa, ka mayar da kariyar. VPN ma a kashe shi yayin gwaji. Riga-kafi biyu a kwamfuta ɗaya kuwa, cire ɗaya.

10. In gargaɗin takardar shaida ya fito

Agogo daidai, amma manhajar na cewa ba ta yarda da certificate ba. Kada ka danna Yes don kawai ka huta. Buɗe takardar ka ga sunan da ke jikinta. A imel ɗin kamfani sau da yawa takardar tana ɗauke da sunan sabar masu ba da hayar shafi ne, ba sunan shafinku ba. Tambaye su, in sun tabbatar, sai ka sa wancan sunan a gurbin saba, gargaɗin ya ɓace.

Wata matsalar kuma tsufan sabar ce. Sababbin manhajoji sun juya wa tsofaffin nau'o'in tsaro, TLS 1.0 da 1.1, baya, Thunderbird ma tun fitowa ta 78 take neman 1.2 zuwa sama. Za ka ga masu ba da shawarar a mayar da Connection security zuwa None. Saƙo zai iya fita, amma kalmar sirrinka za ta riƙa yawo tsirara a kan layi. Gyaran na masu sabar ne, su ɗaga ta. Kafin su yi, ka riƙa aikawa ta burauza.

11. Manyan matakai, in duk na sama sun gaza

Lambar 0x800CCC13 ta yi suna tun lokacin da aka fara komawa Windows 10 a 2015: fayilolin Windows ne suka sami tangarɗa. Rufe Outlook, ka buɗe Command Prompt da Run as administrator, ka rubuta sfc /scannow, ka bar shi ya kai 100, ka kashe kwamfutar ka kunna.

In bai yi ba, ƙirƙiri sabon profile, wato sabon saitin Outlook, ba tare da ka taɓa tsohon ba. Control Panel, Mail, Show Profiles, Add, ka sa akawun ɗin a ciki, ka zaɓi Prompt for a profile to be used. In sabon ya aika, sai ka jawo tsofaffin wasiƙu ta File, Open & Export, Open Outlook Data File, ka nuna masa .pst ɗin da ka adana. Cire akawun gaba ɗaya shi ne na ƙarshe, kuma sai ka buɗe filash ɗin ka ga kwafin da idonka.

Windows tana ba da kwana 10 a koma tsohuwar ta Settings, System, Recovery, Go back. Ban cika ba da shawarar haka saboda imel kaɗai ba, tunda Windows 10 ba ta samun gyaran tsaro na yau da kullum yanzu, kuma in matsalar ta kalmar sirri ce, can ma za ta bi ka.

12. Tabbatarwa

Aika gajeren saƙo zuwa adireshin wani kamfanin daban, misali daga na ofis zuwa Gmail. Duba ya bar Outbox, ya shiga Sent, ya kuma isa, har cikin Spam ka leƙa. Kashe kwamfutar ka kunna, ka sake aikawa, don ka ga ko ta riƙe kalmar sirrin. Sannan ka mayar da saƙonnin da ka ajiye a Drafts, ɗaya bayan ɗaya, kana duba kwanan wata da wanda za a aika wa, don wasu lokacinsu ya riga ya wuce. Sunan saba, lambar ƙofa da irin tsaron da suka yi aiki, rubuta su a takarda ka ajiye a aljihun jakar laftof ɗin, ban da kalmar sirri.